Neman Aure a Kan Teburin Dodanni

Wani ne a birnin Nagoya, mai sayar da laima a wani ɗan shago kusa da tashar jirgin ƙasa. Shekararsa talatin da takwas, ba mata. Ba wai bai nema ba fa. Sau goma sha huɗu goggonsa Fusae tana kai shi zaman ganin juna, sau goma sha huɗu ana dawo mata da hotonsa a cikin ambulan, haɗe da 'yar wasiƙa mai ladabi cewa wai yaron ya fi ƙarfin 'yarsu. Duk wanda ya san mutanenmu ya san fassarar wannan magana. Hoton kansa ya gaji da yawo, har kusurwoyinsa sun lanƙwashe.

Wata Asabar, a shekarar 1979, Goggo Fusae ta faɗo shagon ko gaisuwa babu.

"Kai, ajiye laimar nan ka saurare ni. Na samo ta goma sha biyar. Sunanta Tamaki, mai haɗa layin tarho ce a wani kamfani. Ita ce ta ƙarshe. In aka dawo mini da hoton nan, a murhu zan jefa shi, ka je ka auri laima."

"Haba Goggo, ai ba laifina ba ne."

"Laifina ne ke nan? 'Yar mai gyaran agogo, wa ya ƙura mata ido har ta fashe da kuka?"

"Wani abu ne ya maƙale mata a haƙori."

"To gobe idonka a kan tebur, kada ka ɗago. 'Yar likita fa, wa ya kifar mata da shayi a kan sabuwar rigar kimono?"

"Ina nuna mata yadda ake buɗe laima ne."

"Hannuwanka a ƙarƙashin tebur. Kada in gan su ko da wasa. 'Yar malamin makaranta kuwa, awa biyu kana mata bayanin haƙarƙarin laima har uwarta ta yi minshari."

"Ita ta tambaya."

"Tambayarka ta yi ko kana lafiya! Gobe duk abin da aka ce maka, ka ce haka ne, ka rufe bakinka. Sannan kada ka sake yi mini abin da ka yi wancan karon, ka tsaya laluben aljihu har uwar yarinya ta biya kuɗin kofi. Duk inda ka ga wurin biya, ka biya na mutum biyu tun kafin a tambaye ka. Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Haka ne."

"Yauwa. Da haka ka fara tun shekara goma da suka wuce, da yanzu ina goyon jikoki."

Washegari da hantsi suka isa gidan kofin da aka yi alkawari. Goggo ta san wurin da teburan katako masu kyau da tukwanen fure. Sai ta tarar mai gidan ya sayar da su kaf, ya zuba irin teburan wasan nan da suka cinye gari a shekarar: gilashi a sama, talabijin a ciki tana kallon rufi, dodanni jere-jere suna tafiya hagu da dama suna saukowa. Ma'aikatan ofis sun cika wurin, kowa ya duƙufa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ko'ina dum, dum, dum, fiu, fiu, ba ka sanin daga wane tebur ƙarar take fitowa.

Shi gogan naka bai taɓa taɓa abin ba. Duk abin da bai shafi ruwan sama ba, ba ruwansa da shi.

Can sai ga tsoho Kuwabara, uban yarinyar, masaƙin tabarma ne mai fuska kamar an aiko masa da sammaci. Tamaki na biye da shi cikin kimono ruwan toka, kai a sunkuye. Aka yi ta ruƙu'un gaisuwa har wuya ya gaji. Da yake teburan na mutum biyu-biyu ne, sai aka zaunar da saurayi da budurwa suna fuskantar juna, tsoho da Goggo suka ɗauki na gefe. Tsoho ya dubi dodannin da ke yawo a ƙarƙashin gilashinsu, ya ja tsaki, ya warware ƙyallen da ya ƙunso tsaraba a ciki ya rufe su ruf.

Aka kawo kofi da gasasshen burodi mai jan wake da dafaffen ƙwai. Mutuminka ya tuna huɗubar Goggo. Ya sauke ido, ya cusa hannuwa ƙasa. Sai ya hango wata 'yar ɓula daidai gwiwarsa, an rubuta yen ɗari a gefenta.

A ransa ya ce, "To, ga wurin biya. Yau ba mai riga ni."

Ya zaro ƙwandala biyu, tasa da ta yarinya, ya zura. Ya ci gaba da lalube ko rasit zai fito. Yatsansa ya danna wani maɓalli, ɗaya hannun ya faɗa kan wani ɗan mariƙi. Sai dodanni suka jeru sabo fil, suka juyo da fuska wajensa. Ya ɗan motsa mariƙin, wata 'yar igwa a ƙasan gilashi ta matsa. Ya mayar, ta dawo.

Sai a lokacin ya gane wasa ya saya, ba kuɗin kofi ya biya ba.

Tsoho Kuwabara ya yi gyaran murya daga teburinsa. "Yaro, an ce laima kake sayarwa."

"Haka ne."

"Sana'a ce mai kyau. Ruwa ba ya daina zuwa."

"Haka ne."

"Ba irin waɗannan injinan ba, da suka mayar da samarin ƙasar nan gumaka."

"Haka ne." Dum, dum, dum. Dodanni sun sauko layi ɗaya.

"Ni duk wanda na kama da hannunsa a jikin abin nan, ko takalmin 'yata ba zai gani ba."

"Haka ne!" Muryarsa ta fita siririya kamar ta ɗan akuya.

Wayyo, bawan Allah. Ya cire hannu, Goggo ta hana. Ya ɗago ido, Goggo ta hana. Ga harsasai suna zubowa daga sama. Akwai wasu 'yan gidaje huɗu da aka tanada domin igwa ta fake a bayansu. Shi kuwa ya shige ƙarƙashin ɗaya ya hau danna maɓalli ba ji ba gani, har ya huda rufin gidan da hannunsa, ya yi wa harsashin dodo hanya. Bum. Igwa ta watse.

Tsoho ya karkato wajen Goggo. "Kin ga har gumi yake. Abin nan yana ci masa rai kamar yadda yake ci mini."

"Ai tun yana ƙarami haka yake," in ji Goggo. Tabaranta na cikin jaka, ta ƙi sa shi don kada a ce ta tsufa.

Sai hoton da ke cikin tebur ya yi wata juyawa, ƙasa ta koma sama. Dodanni suka ba shi baya, suka fuskanci Tamaki. Ashe ƙwandala ta biyun nan, wasan mutum biyu ya saya.

Ya so ya nutse. Yanzu yarinyar mutane za ta ga abin kunyar da ya jawo mata, ta kira ubanta. Amma Tamaki ko motsi ba ta yi ba. Kanta a sunkuye, hannuwanta a ƙarƙashin tebur, kamar yadda 'ya mai tarbiyya take zama. Igwa ce kawai ta fara yawo. Fiu, dodo ya faɗi. Fiu, fiu, biyu sun tafi. Ta share layin gefe tas, ta koma ɗaya gefen. Da farko ya ɗauka injin ne ke wasa da kansa, sai da ya lura hannun kimononta yana ɗan rawa.

Ba tare da ta ɗago ba, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Matsar da kofinka."

Ya matsar da kofi da sauri har ya fantsala.

Goggo ta kama hannun rigar tsoho. "Ka gani? Sun fara magana!"

Idon tsoho ya kawo ruwa. "Maza goma sha biyu na kawo mata, ba wanda ta ce wa ko sannu. Dubi yadda ta sunkuyar da kai. Sak uwarta."

Tamaki ta gama da runduna ta farko, ta biyu ta jeru, ta shiga cikinsu kamar mai sharar tsakar gida. Mutuminka ya manta da inda yake. Yana kallon wasan a juye, bakinsa a buɗe. Sai ga wani abu kamar faifai ya gilmo ta can sama yana kuka. Bai san lokacin da ya daka tsawa ba.

"Ga shi can! Harbe shi!"

Mai kawo kofi ya ƙame da tire a hannu. Tsoho Kuwabara ya miƙe rabi.

"A harbe wa?"

Goggo Fusae, wadda ta yi shekara talatin tana haɗa aure, ko ƙifta ido ba ta yi ba. "Kakansa maharbin agwagwa ne. Duk gidansu haka suke, in farin ciki ya kama su sai maganar harbi."

Tsoho ya zauna yana gyaɗa kai. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Ta ƙarƙashin tebur kuwa Goggo ta miƙo ƙafa ta sakar wa ɗan ɗan'uwanta shuri a ƙauri. Faifan dai an harbo shi.

Bayan kamar minti ashirin aka samu igwar Tamaki sau ɗaya. Hoto ya juyo wajensa. Kafin ya gama haɗiye yawu, bum. Ya koma wajenta.

Da lokaci ya yi, manya suka tashi kamar yadda aka saba, suka ce to bari a bar yara su ɗan zanta. Tsoho ya naɗe ƙyallensa, ya harari teburin da ya zauna a kai, suka fita. Ƙofa na rufewa Tamaki ta ɗago kai karon farko.

"Akwai sauran ƙwandala?"

Har la'asar suna nan. Shi ya zura biyu, ya mutu kafin a ce kwabo, ita ta ɗauka ta yi tafiyarta. Ta wuce maki dubu tara. Shi mafi yawan abin da ya taɓa kaiwa ɗari da ashirin, shi ma atishawa ya yi yatsa ya danna. Da za su rabu ta yi masa ruƙu'u mai kyau, ta ce ta gode da ɗawainiya, ta hau motar haya.

Ya koma gida kamar kazar da ruwa ya doka. Ya tabbata hotonsa ya kama hanyar murhu. Wace mace ce za ta auri namijin da ya rushe gidansa da hannunsa a gabanta, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba?

Ranar Litinin sai ga Goggo a shago tana haki.

"Me ka yi wa yarinyar nan?"

"Haka ne."

"Kai sakarai, yanzu ka iya magana! Sun aiko. Tana son a sake zama ranar Lahadi, ku biyu kawai, wai a wannan gidan kofin, a wannan teburin. Ni ban san abin da ta gani ba, amma ko mene ne, kada ka canza shi."

Wannan ta ƙarshen ba ta shiga kunnensa ba. Shi abin da ya gane shi ne an ba shi dama ya wanke kansa. Jarrabawa ce, kuma saura kwana shida.

Akwai wani direban tasi mai suna Gonda, wanda tun da injinan suka zo motarsa ta fi sanin ƙofar gidan kofi fiye da titi. Mutuminka ya same shi da laima sabuwa dal a hannu, ya roƙe shi ya koya masa.

Gonda ya kalli wasansa na farko, ya dafe kai. "Kai, wannan hannu ne ko ludayi? Wa ya ce ka harbi gidanka?"

"Ya tare mini hanya ne."

"Ai aikinsa ke nan! Kai da kake sayar da laima, in ana ruwa huda ta kake yi don ka ga sama?"

Wannan maganar ta shige shi. Daga nan abu ya fara kankama. Da safe kafin buɗe shago yana can, da rana lokacin cin abinci yana can. Gonda ya koya masa ya fara cinye layin gefe, ya ƙirga harbinsa, ya jira na ƙarshen nan mai gudu ya zo da kansa maimakon ya bi shi. A shago ma bai huta ba. Wata tsohuwa ta zo sayen laima ta tarar da shi ya riƙe mariƙin wata yana kaɗawa hagu da dama yana fiu, fiu da baki. Ta ja da baya a hankali, ta ce ai ruwan ma ya ɗauke.

Ranar Asabar yatsansa ya yi kanta. Gonda ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Je ka. Yanzu ko ni sai na yi da gaske."

Lahadi ta zo. Tamaki ta iso da siket da 'yar jaka, ba kimono, ba uba. Har murmushi ta yi masa. Aka kawo kofi da burodi da ƙwai. Ya zura ƙwandala biyu, ya gyara zama, ya matsar da kofinsa tun ba a ce ba.

Fiu, fiu. Layin gefe ya tafi. Runduna ta farko ta ƙare, gidajensa huɗu suna tsaye. Minti biyar. Tamaki ta sa hannuwanta a ƙarƙashin tebur tana jira. Minti goma. Ta fito da su. Ta ci burodinta. Ta ɓare ƙwanta ta ci. Minti ashirin. Ta ɓare nasa ma ta cinye. Ta ninke ɗan tawul ɗin goge hannu gida huɗu, ta warware, ta sake ninkewa. Shi kuwa zuciyarsa fari tas, yana jin shirun nata yana cewa a ransa mamaki ne ya kashe ta.

Can ta ce, "Wa ya koya maka?"

"Wani direba ne," ya amsa da alfahari, idonsa a kan gilashi. "Kwana shida kacal. Saboda ke na yi."

"Saboda ni."

"Haka ne."

"To bari ka ji. Wata shida ina zuwa irin wuraren nan a ɓoye, Baba bai sani ba. Duk teburin da na nufa, wani ƙato ne a kai, ya jera ƙwandalolinsa, sai in ƙare hutun rana a tsaye. In na samu abokin wasa, sai na biya nawa, kuma in zauna ina kallon ƙeyarsa. Duk faɗin Nagoya kai kaɗai na gani ka biya na mutum biyu, ka mutu cikin minti ɗaya, ka bar mini tebur. Na ce a raina, ga mijin aure. Yau da niyyar cewa na amince na fito. Ashe ka je ka lalata kanka."

Kai, jama'a! Ji ya yi kamar an kwara masa ruwan ƙanƙara. Ya ce to bari ya mutu yanzu-yanzu. Ya tura igwa ƙarƙashin harsashi, hannu ya goce da kansa. Ya sake turawa, hannu ya sake gocewa, yatsa kuma ya harbo dodo biyu a kan hanya. Aikin Gonda ya shiga jini. Ya rufe ido ya danna, sai ya ji kukan faifai, ya harbo shi. Injin ya yi wata 'yar ƙara ta murna, ya ƙara masa igwa ɗaya kyauta.

Tamaki ta miƙe, ta rataya jakarta.

Ya hango hotonsa a bakin murhu, Goggo na hura wuta. Sai ya fizge hannuwansa daga ƙarƙashin tebur ya kifa su a kan gilashi, ɗaya ya danne ɗaya don kada su koma. Ya ɗago ido ya dube ta sosai.

"Tamaki, don Allah tsaya. Ni wannan abin ba nawa ba ne, aro na yi. Laima na sani. In kin aure ni, ruwa ba zai taɓa dukanki ba, ko na bazata."

A ƙarƙashin tafin hannunsa aka ji bum. Hoto ya juya, dodanni suka fuskanci kujerarta.

Ta dubi ƙofa. Ta dubi tebur. Ta sauke jaka ta zauna, ta sunkuyar da kai, hannuwa suka shige ƙasa.

"Cire hannunka, ka tare mini."

Ya cire. Fiu, fiu. Ya jira ta share runduna guda, sannan ya ce a hankali, "To... maganar auren fa?"

"Kwana nawa ka ce ka yi kana koyo?"

"Shida."

"To na ba ka shida ka manta, sai a sa rana."